Maganar da Ba Mai Iya Gogewa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta.

A Fabrairun 2021, bayan zaɓen shugaban ƙasa, an yanke intanet na salula a Nijar kusan kwana 10, har mutanen Tawa da ƙauyukan arewacin Adar suka daina samun saƙon 'ya'yansu masu ci-rani a Abijan. A Yunin shekarar Najeriya ta rufe Twitter wata 7. Shi ya sa wasu ke yabon dandalin da ba shi da maigida ɗaya, kamar Mastodon, da kuɗin Bitcoin, wanda kundinsa ke kwafe a dubban kwamfutoci. Mai mulki na iya yanke layi, amma goge kundin ya fi ƙarfinsa.

Dabarar tsohuwa ce. Shehu Usmanu, haifaffen Maratta a jihar Tawa, ya ga Sarkin Gobir Nafata ya hana almajiransa wa'azi. Karatun bai mutu ba, domin yana warwatse a ƙirazansu da takardunsu.

Sai dai rumbun da ke tsare gaskiya yana tsare ƙazafi. Wanda ya ci mutuncin ɗan'uwansa a kasuwa yana iya komawa ya wanke shi gaban waɗanda suka ji. Wanda ya watsa ƙarya inda ba ta goguwa, ina zai bi ya janye ta? Magana zarar bunu ce.

Idan hannun hukuma ya gajarta, muraƙaba ce mai gadin da ya rage wa muridi. Kafin ya aika, ya tuna mala'iku sun riga na'ura rubutawa. Allah Ya tsare harsuna da yatsu, amin.