Na'ura Ba Ta da Niyya, To Wa Zai Ɗauki Alhakinta?

 

Ƴan uwa, duk mai riƙe da salula a cikinmu ya san wannan: ka buɗe Facebook ko TikTok, sai hotuna da zantuka su yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya, alhali ba kai ka zaɓe su ba. Mai zaɓen wani tsarin lissafi ne da ake kira algoridim, sunan da ya samo asali daga Muhammad ɗan Musa al-Khawarizmi, masanin lissafi da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9 na miladiyya. Tsarin yana lura da abin da ya tsayar da idonka, sai ya ƙaro maka irinsa, domin daɗewarka a shafin ita ke kawo wa kamfani kuɗin talla. Abin da ya fi tsayar da idon ɗan Adam kuwa, sau da yawa, shi ne abin da ya tayar masa da fushi ko tsoro. To idan wannan zaɓe ya jawo ɓarna, wa za a tambaya?

Mu dubi abin da ya faru a ƙasar Bama, wato Myanmar. Daga watan Agusta na 2017, sojojin ƙasar suka far wa Musulmin Rohingya a jihar Rakhine, har sama da mutum 700,000 suka yi gudun hijira zuwa Bangladesh. Shekaru kafin nan, kalaman ƙiyayya a kansu sun cika Facebook, wanda a lokacin ga mafi yawan masu amfani da intanet a ƙasar shi ne intanet ɗin gaba ɗaya. A 2018 masu bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya suka ce shafin ya taka babbar rawa wajen yaɗa ƙiyayyar, kuma a watan Nuwamba na shekarar kamfanin da kansa ya amsa cewa bai yi abin da ya isa ba don hana a yi amfani da shafinsa wajen tunzura jama'a. A 2022 ƙungiyar Amnesty International ta ƙara da cewa tsarin zaɓen ne ya riƙa tura waɗannan kalamai gaba.

Wanda ya yi kisa shi ke da babban laifi, wannan ba ja. Amma wanda ya ba mai zuga lasifika, ya kuma ci riba a kan yawan masu sauraro, shi fa? Uzurin da aka saba ji shi ne: mutane ne suka rubuta, na'ura ce ta rarraba. A Amurka ma akwai doka tun 1996 da ke kare kamfanonin intanet daga ɗaukar alhakin abin da jama'a suka wallafa a shafukansu.

Gaskiya ne na'ura ba ta da niyya, don haka ba a yi mata hisabi. Sai dai rashin niyyar kayan aiki bai taɓa wanke mai su ba. Malamanmu na Malikiyya sun yi hukunci cewa idan dabbobi suka shiga gona da dare suka yi ɓarna, lamunin yana kan mai dabbobin, domin tsaron su a wannan lokaci aikinsa ne. Haka wanda ya haƙa rijiya a inda bai halatta masa ba, wani ya faɗa, ba zai ce rijiya ce ta yi ba. Kamfani shi ya ƙera tsarin, shi ya gaya masa abin da zai nema, shi ke karɓar ribar. Wanda ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski.

Amma yaya za a tabbatar da laifi alhali tsarin a ɓoye yake? Mai awon hatsi a kasuwar Maradi, kowa na ganin tiyarsa, in ya yi algus a kama shi. Awon kamfani kuwa ba mai gani sai shi. Nan ne doka ke da aiki. A 2022 Tarayyar Turai ta kafa dokar da ta wajabta wa shafukan da ke da masu amfani sama da miliyan 45 a yankinta su riƙa auna haɗarin da tsarinsu ke jawowa, su kuma buɗe ƙofa ga masu binciken da ba yaransu ba. Wanda ya saɓa, tararsa na iya kai kashi 6 cikin 100 na cinikinsa na shekara a duniya. A watan Agusta na 2024 wata dokar a kan ƙirƙirarriyar basira ta fara aiki, wadda ta rarraba na'urori gwargwadon haɗarinsu, ta haramta wasu ayyukan baki ɗaya.

Wani zai ce: doka irin wannan ba za ta zama sanda a hannun masu mulki su rufe bakin talaka ba? Tsoron yana da tushe. Shi ya sa dokar kirki ke fuskantar ma'aunin kamfani: a duba yadda yake zaɓe, a ba wanda aka cuta inda zai kai ƙara, a yi shari'a a fili. In ta koma farautar masu magana, ta bar hanya. Sannan dokar Turai mutanen Turai take karewa. Ɗan Rohingya da ke sansanin hijira, da mu masu rubutu da Hausa, sai ƙasashenmu sun haɗa kai sun nemi irin wannan haƙƙi.

Saura namu. Tsarin nan da hannunmu yake koyo. Duk saƙon annamimanci da ka tsaya a kansa, ko ka tura wa wani, ka shaida masa cewa irinsa kake so, gobe kuma zai kai wa ɗan uwanka. Ba ma neman a yi wa kamfani hisabi mu manta da yatsunmu. Kafin ka tura, tambayi kanka: na tabbatar? Wa wannan zai cuta?

Allah Ya tsare mu daga cutar da bayinSa da saninmu ko ba da saninmu ba, Ya kuma isar wa waɗanda aka zalunta. Amin.