Abubuwan Al'ajabi: Idanun da ke Haskawa a Bayan Rumbu

Duk wanda ya taɓa fitowa da tocila cikin dare a ƙauyukan Maiyama ko Aliero, ya haska bayan rumbu, ya san wannan faɗuwar gaban: idanu biyu kamar garwashi, ba motsi, ba ƙara. Kafin ka gama ta'awwizi abin ya haye katanga. Mage ce, wadda mutanen ƙasar Kabi ke kira mussa. Tun muna yara iyaye ke ja mana kunne: "Kul ka doki baƙar mage da dare, ba ka san ko mutanen ɓoye ne ba." Wasu kuma su ce maye ne ya rikiɗa.

Ba mu kaɗai wannan halitta ta ruɗa ba. Misirawan dauri har bauta mata suka yi: gunkinsu Bastet jikin mace ne da kan mage, babban ɗakin tsafinsa kuwa yana Bubastis, kusa da garin Zagazig na yau. Masanin tarihin nan na Girka, Herodotus, ya rubuta cewa idan mage ta mutu a gida, mutanen gidan kan aske girarsu don makoki. A 1888 aka tono makabartar maguna a Beni Hasan, dubbai naɗe cikin likkafani. A 1890 aka yi gwanjonsu a Liverpool ta Ingila, aka mai da su takin gona. Abin bautar jiya, ga ƙarshensa. Turawan da kuwa sun ɗauki baƙar mage abokiyar matsafa, suka riƙa kashe ta.

Tsarki ya tabbata ga Allah! Al'ajabin gaskiya yana jikin magen kanta. Wutar nan ta idonta wani shimfiɗi ne a can bayan ido mai mayar da haske kamar madubi, shi ya sa kashi ɗaya cikin 6 na hasken da mutum ke buƙata ya ishe ta gani. Kowane kunnenta na da tsoka 32, tana juya shi yadda ta so, tana jin kukan ɓeran da kunnenmu ba ya kamawa. Tafinta taushi gare shi kamar auduga, faratanta na ɓoye sai ta ga dama ta zaro. In ta suɓuto daga kan soro, tana cikin iska za ta murɗa jiki ta dira da ƙafafu. Ka lura da ita a rumfar 'yan hatsi a kasuwar Jega: tana kwance kan buhun gero kamar barci ya kwashe ta, amma kunne na aiki. Wannan ce kwanciyar ɗaukar rai da Hausawa ke faɗi.

Musulunci ya ajiye ta a matsayinta, ba abin bauta ba, ba abin jifa ba. Sahabi Abu Huraira daga 'yar magen da yake ɗauka ya samo laƙabinsa. Hadisi ya tabbatar cewa ita ba najasa ba ce, Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda ta tsare mage har yunwa ta kashe ta.

Don haka, ɗan'uwa, in ka sake ganin idanun nan a bayan rumbu, ka ce Subhanallahi, ka ajiye dutsen. Mai gadin hatsinka ce, ka rage mata ɗan abin da za ta lasa.