WA ZAI BIYA BASHIN KANGO?

Bahaushe bai yarda a kira kowane gini gida ba. In akwai hayaƙi a madafa, akwai takalma a bakin zaure, shi ne gida. In kuwa mutane sun watse, ko da rufin kwano ne sabo fil, sunansa kango. To, tambayar da nake so mu tattauna da kai, ya ɗan'uwa mai karatu, ita ce: idan ɗan haya ya kwashe kayansa, aka sa wa ƙofa kwado, shin hakkokin da ke kan gidan su ma sun bi shi ne, ko kuwa suna nan suna jiran mai shi?

Abin da ya jawo wannan magana shi ne, tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a shekarar 2013, aka kuma ba ta mazauni a ƙasar Kalgo, masu ɗan hali suka shiga gina ɗakunan haya saboda ɗalibai. Wani kawuna daga garinmu Maruda yana cikinsu, shanu ya sayar ya yi ginin. Da malaman jami'o'i suka shiga yajin aiki a 2022, daga Fabrairu har Oktoba, sai ɗakunan suka zauna wata takwas babu kowa sai gizo-gizo. Amma maganar kuɗin wuta ba ta tsaya ba, haka kuɗin 'yan banga da na yasar lambatu da mutanen unguwa ke tarawa. Kawu ya kafe, ya ce shi ba a tatsar saniyar da ba ta haihu ba. Mutane da dama sun goyi bayansa. Ni kuwa, tare da girmamawa, ina ganin rabin gaskiya ya riƙe, ɗaya rabin yana hannun maƙwabtansa.

Dalilina shi ne, bashin da ke kan kango iri biyu ne, kuma haɗa su wuri guda shi ke kawo rigima. Na farko bashin ciniki ne, wato wuta da ruwan famfo. Ciniki kuwa, kamar yadda malaman fiƙihu suka karantar da mu, musaya ce: ka karɓa, ka bayar. Wanda bai kunna ko ƙwai ɗaya ba, da wace hujja za a ce ya biya? Hukumar da ke kula da harkar lantarki ta ƙasa ma ta gane haka, shi ya sa a Fabrairun 2016 ta soke kuɗin nan na dole da ake biya kowane wata, an sha wuta ko ba a sha ba. Gidan da ke da mita mai kati ya huta, domin in ba a sa kuɗi ba, ba ta ci. Wahalar tana ga gidan da ake yi wa kiyasi, domin alƙalami ba ya leƙa ɗaki ya ga ko da mutum. A nan kawu yana da gaskiya. Amma fa da sharaɗi: wajibinsa ne ya je ya sanar a rubuce, a yanke layin. In ya yi shiru bashi ya taru, sa'an nan ya jira sabon ɗan haya ya ɗora masa, to ya ci amana. Yaron da ya zo karatu da 'yar jakarsa bai san hawa ba bai san sauka ba, ta yaya zai biya wutar da wani ya sha, ko wadda ba a ma sha ba?

Bashi na biyu shi ne na zaman tare, wato kuɗin gida da kuɗin unguwa. Tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi aikin ƙiyasta gidajen jama'a domin karɓar irin wannan kuɗi. Na sani, da an ce haraji sai gaban talaka ya faɗi, kuma ba banza ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙ, ya lissafa jangali da kurɗin gari cikin zaluncin sarakunan Haɓe. Da Turawa suka ci ƙasar nan a 1903 suka mai da haraji ginshiƙin mulkinsu, kakanninmu da yawa sun san zaman rana a ƙofar hakimi. A Saliyo, harajin sule biyar da aka ɗora wa bukka shi ya ta da yaƙin Bai Bureh a 1898. Haka kuma ba a manta murnar da aka yi a 1979 ba, lokacin da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Sai dai mu lura, wancan haraji a kan kai ake ɗora shi, mai riga goma da mai bante kusan duk ɗaya. Kuɗin gida kuwa a kan dukiya yake. Kuma ko da gida babu kowa, bai daina cin moriyar gari ba. Lambatun da aka yashe shi ya hana ruwan Agusta cin gindin katangarsa. 'Yan bangan da ke yawo da fitila cikin dare, ƙofofinsa da wayoyinsa suke tsarewa, har ma sun fi tsare shi a kan gidan da ke da mutane. In aka shimfiɗa hanya, darajarsa ta ƙaru alhali mai shi yana barci a Maruda. Bugu da ƙari, kango ba ya cutar da mai shi kamar yadda yake cutar da maƙwabci: ciyawa ta tsiro, macizai su samu maɓoya, ruwa ya kwanta sauro ya hayayyafa, 'yan shaye-shaye su mai da shi zaurensu. Ashe wanda ya ce ba ruwansa, ya sha romo ne ya bar wa wasu hura wuta.

Wani zai ce, ai ko zakka ba a fitar da ita a kan ginin gidan haya, sai a kan kuɗin hayar in ya kai nisabi ya shekara. In Shari'a ta yi wa kango rangwame, don me hukuma ba za ta yi ba? Wannan hujja ce mai nauyi. Amsata ita ce, zakka ibada ce da aka rataya ga dukiya mai haɓaka, kuɗin unguwa kuwa ɗan'uwan gayya ne. A da, in za a gyara ganuwa, kowane gida sai ya ba da hannu, domin ganuwa ba ta tambayar wa ke ciki kafin ta kare shi. Duk da haka, hujjar ta koya mana tausayi. Akwai kangon tilas, irin na kawu, akwai kuma kangon ganganci, na mai kuɗin da ya gina gidaje ya kulle yana jiran farashi ya hau, alhali magidanta na cunkushe da iyalinsu a ɗaki guda. Na farko ya cancanci sassauci da jinkiri, na biyu kuwa a tsananta masa. Wasu ƙasashe sun bi wannan hanya: Faransa ta sa wa gidajen da aka bari babu kowa haraji na musamman tun 1999, a Ingila kuwa, a 2013, an ba hukumomin gari ikon ƙara rabin haraji a kan gidan da ya shekara biyu a rufe.

Sauran magana tana kan mai karɓa. Hannun da ya karɓi kuɗin gida dole ya nuna kwalbati, ya nuna rasit, ya nuna inda aka kwashe shara. In ba haka ba, ya koma cikin layin waɗanda Shehu ya zarga, kuma shi ya koya wa talaka ɓuya. Amana igiya ce mai baki biyu, in ɗaya ya saki, ɗaya ma faɗuwa zai yi.

Daga ƙarshe, ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai. Yau mu ne 'yan haya, kada mu tsere da dare mu bar wa dattijo bashin wutar da muka sha. Gobe wasunmu ne masu gidaje, wasunmu ne masu riƙe da alƙalamin hukuma. Wanda ya san zafin a ɗora masa kayan da ba nasa ba, bai kamata ya ɗora wa wani ba, bai kuma kamata ya zame daga nasa ba. Allah ya ba mu ikon sauke hakkin maƙwabtaka, amin.