Da Wa Ya Kara, Wa Ya Guje Wa?

Rocky Marciano, ɗan damben Amurka, ya ajiye dambe a 1956 yana zakaran duniya na ajin masu nauyi. Ya yi karawa 49, ya ci duka. Muhammad Ali kuwa an ci shi sau 5. Duk da haka, in ana gardamar wane ne ya fi, sunan Ali ke fara fitowa. Hujjar da ake bayarwa ita ce irin mazan da kowannensu ya tarar a fage. Ali ya ƙwace kambu daga hannun Sonny Liston a 1964, ya kara da Joe Frazier sau uku, ya kuma kā da George Foreman a Kinshasa a 1974, lokacin Foreman yana da shekara 25, ba wanda ya taɓa cin sa. Marciano kuwa ya doke Joe Louis yana ɗan shekara 37, da Jersey Joe Walcott yana da 38.

Akwai gaskiya cikin wannan awo, gama ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Amma awon yana da aibi. Mutum ba ya zaɓen shekarar da za a haife shi, balle ya zaɓi tsararrakinsa. Ban da haka, wanda ya fi tsaransa nesa yakan sa su zama kamar ragwaye a idon 'yan kallo. Joe Louis ya kare kambunsa sau 25, sai 'yan jarida suka riƙa yi wa masu ƙalubalantarsa ba'a. Da ɗaya daga cikinsu ya kā da shi, da an kira wannan mutum gwarzo, da kuma ramuwar Louis ta zama abin labari. Haka ta faru da Ali: darajar Frazier ta ƙaru domin ya ci Ali a 1971, darajar Ali kuma ta ƙaru domin ya rama. Ashe ke nan faɗuwa tana iya ƙara wa mutum maki, rinjaye mai yawa kuma ya rage masa.

Tambayar da ta fi adalci ita ce: wa ya guje wa? Wannan kam yana hannun mutum. Jack Dempsey ya riƙe kambu daga 1919 zuwa 1926, Harry Wills yana jira shekara da shekaru, ba a ba shi dama ba. Wills baƙar fata ne, masu shirya wasa kuma suna da nasu kason laifin, amma giɓin yana nan a tarihin Dempsey. A 1992 Riddick Bowe ya jefa ɗaya daga cikin kambunansa cikin kwandon shara gaban 'yan jarida a London, maimakon ya kara da Lennox Lewis, wanda ya ci shi a wasannin Olamfik na 1988. Ba su ƙara haɗuwa a fage ba.

In aka auna Marciano da wannan mudu, hukuncin yakan canja. Walcott ya kai shi ƙasa a turmin farko a 1952, ya tashi ya ci, ya kuma sake ba shi dama a 1953. Ezzard Charles ya kai shi turmi 15 a 1954, bayan wata uku ya sake karɓarsa. A wannan karo an tsaga masa hanci har ana shirin tsai da wasa, sai ya kā da Charles a turmi na 8.