Wayar Wuta Ba Ta San Katangar Gidanka Ba

Ɗana, idan gidanku na bulo ne mai rufin kankare, ka san yadda waifai ke gajiya kafin ya kai ɗakin baya. Rauta tana falo, kai kana bene ko shagon ƙofar gida, sigina sanda ɗaya tak, ita ma tana zuwa tana tafiya. Ana cikin haka wani zai nuna maka wasu ƙananan akwatuna biyu, wato adafta, da ake sokawa a soket, a kan kwalinsu an rubuta Powerline. Ɗaya ka haɗa ta da rauta, ɗayar ka soka ta a ɗakin da kake so, intanet ya bi wayar wutar da ke cikin bango ya same ka. Ba fasa gini, ba jan waya a kan katanga. Dabara ce mai kyau, kuma ban zo in hana ka saye ba. Abu ɗaya nake so ka riƙe kafin ka miƙa kuɗinka: wayar da ke bangonka an shimfiɗa ta ne don ɗaukar wuta, kuma ba a ƙofar gidanka ta tsaya ba.

Wutar da muke sha tana kaɗawa sau 50 ne a daƙiƙa. Ita adafta sai ta ɗora nata saƙon a kan wayar da kaɗawar da ta kai miliyoyi. Tsarin HomePlug AV, wanda ya fito a 2005, yana aiki tsakanin megahaz 2 zuwa 30, ƙanensa AV2 na 2012 kuma ya miƙe har 86. Akwai wani tsarin daban mai suna G.hn, kuma su biyun ba sa jin yaren juna, don haka kada ka sayi ɗaya daga nan ɗaya daga can. Lambar da ke kan kwali, AV600 ko AV1000 ko AV2000, kada ta ruɗe ka. Abin da zai iso kwamfutarka sau da yawa bai kai rabin haka ba, wasu masu lamba 600 ɗin ma ƙofar wayarsu megabit 100 kawai take iya fitarwa.

To, ga inda na fi damuwa. Waɗannan na'urori suna kulle saƙonsu da makulli mai ƙarfi, wanda ake kira AES mai bit 128, kuma ba a nan raunin yake ba. Raunin shi ne yawancin na HomePlug suna fitowa daga masana'anta da kalmar sirri iri ɗaya, wato HomePlugAV, don su gane juna da zarar an soka su. Kai kuma da ka ga fitila ta kama, intanet ya zo, sai ka ɗauka aiki ya gama. Kamar ka sayi kwaɗo ne wanda duk mai irinsa a kasuwa makullinsa zai buɗe naka. Taransfoma tana datse wannan sigina, amma mitar wuta ba a yi ta don haka ba, kuma sau tari sigina yana ratsa ta. Idan gidan haya kake, kuna shan wuta daga mita ɗaya, ko a layin shaguna da aka ja musu waya guda, to duk wanda ya soka irin adaftarka a soket ɗinsa zai iya faɗowa cikin hanyar sadarwarka. Ba ya bukatar kalmar sirrin waifai ɗinka, domin ta bayan rauta ya shigo, inda take ɗaukar kowa ɗan gida ne. Datar da ka saya da guminka za ta ƙare ba ka san dalili ba, kuma wannan ne ƙaramin abin. Babban shi ne kyamarar tsaron da ka kafa a tsakar gida inda iyalinka ke zama, da firinta, da duk fayil ɗin da ka bari a buɗe a kwamfuta. Wani lokaci ma ba mugun nufi: maƙwabci ya sayo tasa, na'urorin suka haɗe da kansu, rauta biyu suka shiga rabon adireshi, intanet ɗin kowa ya rikice.

Maganin bai kai minti biyar ba, don Allah kada ka yi kasala. A jikin kowace adafta akwai ɗan maɓallin haɗi. Soka su biyun kusa da juna a ɗaki ɗaya, danna na farko, ka danna na biyu kafin minti biyu su cika. Za su ƙirƙiri sabon makulli nasu su kaɗai, sannan ka kai kowace wurinta. In ta hannu ka saya, fara mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta. Akwai kuma wata kalmar sirri mai haruffa 16 a takardar da ke manne a bayanta. Kada ka ɗauki hotonta ka tura wa kowa. Idan mai waifai ce, shiga shafinta ka canza sunan shiga da kalmarsa. Lokaci-lokaci ka buɗe manhajar kamfanin ka ƙirga na'urorin da take gani. Biyu ka saya, in ka ga uku, sake makulli a ranar.

Sai maganar wutarmu, wadda ka fi ni sanin halinta. Adafta tana son soket ɗin bango kai tsaye. Ekstenshan mai kariya daga hauhawar wuta, da sitabilaiza, da UPS, duk suna tace siginar su zubar, domin a wurinsu datti ce. Ka ga kenan na'urar tana zaune ba garkuwa, saboda haka ka zare ta idan an ɗauke wuta ko hadari ya taso da tsawa. Cajar waya mai araha da ƙwan lantarki marar inganci suna zuba ƙara a cikin waya su rage mata gudu; in adaftarka mai soket ce a fuskarta, soka su ta nan, akwai matata a ciki. Gidan da aka ja wa layin wuta uku, ko aka raba soket-soket, wasu a kan inbata wasu a kan wutar gari, zai iya zama ɗakuna biyun ba sa kan hanya ɗaya. Tambayi mai wayarin ɗin gidan tukuna, kuma ka yi sharaɗi da mai shago cewa in ba ta yi ba za ka dawo da ita.

Akwai haƙƙin da ba kasafai ake tunawa da shi ba. Wayar wuta ba ta da rigar kariya irin ta wayar dish, don haka wani ɓangare na siginar yana fita iska, bangon gidanka ya zama eriya. Gajeren zango kuwa yana tsakanin megahaz 3 zuwa 30 ne, daidai inda adafta ke aikinta. A nan ne iyayenmu suka saba kama BBC Hausa, wadda ta fara watsa shiri tun 1957, da sauran tashoshin ƙetare. A Birtaniya masu rediyon sha'awa, ta bakin ƙungiyarsu RSGB, sun daɗe suna kai ƙara gaban hukumar Ofcom kan ƙarar da adafta ke jefa wa rediyo, kuma a 2013 Turai ta fitar da ƙa'idar EN 50561-1, wadda ta wajabta wa adafta ta kauce wa zangon da ta ji tasha tana watsa shiri. Ba kowace na'urar da ta shigo kasuwa ce ta bi wannan ƙa'ida ba. Dattijon da ke bayan katangarka, wanda rediyonsa ta fara ƙugi tun ranar da ka soka taka, ba zai taɓa zargin soket ɗinka ba. Zai ce batir ne, ko rediyon ce ta tsufa, ya kai ta wurin mai gyara ya kashe kuɗin da ba shi da su. Kai da ka sani, nauyin yana wuyanka. Kunna rediyo a gajeren zango, ka sa ana sauke babban fayil, sannan ka zare adaftar ka saurara. In ƙarar ta ɗauke, je ka gaishe shi, ka tambaye shi ko yana jin haka, ku gwada tare. In ta tabbata, ka riƙa zare ta a lokutan labarai, ko ka nemi wadda ta cika ƙa'ida.

Kuma in har akwai hanyar da waya za ta bi, ta gefen taga ko ta cikin silin, ja wayar sadarwa irin Cat6. Tana kai mita 100, ba ta shiga gidan kowa, ba ta damun rediyon kowa, kuma sau da yawa kuɗinta bai kai na adafta biyu ba. In sabon gini kake yi, sa mai wayarin ya binne mata bututu zuwa kowane ɗaki tun kafin a yi filasta.