Shin Haƙurin Ɗan Caca Haƙuri Ne?

Gabatarwa

Bahaushe ya ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Wannan muƙala za ta duba wani fage da ake yawan kiran sunan haƙuri a cikinsa, wato wasan karta na poka da ake bugawa ta intanet da ƙananan kuɗi, domin a gane ko abin da 'yan wasan ke kira haƙuri ya cancanci sunan.

Yadda Wasan Yake

Poka ya bunƙasa ne a Amurka. A nau'insa da ya fi shahara, ana raba wa kowane ɗan wasa kati biyu daga cikin 52, a shimfiɗa biyar a tsakiya, kowa ya zuba kuɗi gwargwadon ƙarfin hannunsa ko kuma gwargwadon yadda yake son a zaci ƙarfinsa. An fara buga shi da kuɗi ta intanet a 1998. A 2003 wani akawu mai suna Chris Moneymaker ya samu gurbi ta wata ƙaramar gasa a intanet, ya je Las Vegas ya lashe gasar duniya da dala miliyan 2.5. Tun daga nan matasa da yawa suka zauna a teburan sisi da kwabo, kowa yana hangen kansa a matsayin wancan akawu.

Dabara da Sa'a

Ba za a musa cewa akwai dabara a wasan ba. Masanansa suna koyar da cewa a yar da mafi yawan hannaye tun farko, a fi buga wasa idan mutum ne na ƙarshe da zai yi magana, kuma kada a zauna a tebur sai da ɗan kaso kaɗan na jarin da aka ware. Sai dai dabara ba ta kore sa'a. Alal misali, hannu mafi ƙarfi, wato kati biyu na as, sau ɗaya yake zuwa cikin rabo 221, kuma idan ya kara da wasu tagwayen kati na ƙasa da shi, yakan faɗi kusan sau ɗaya cikin biyar. Ke nan faɗuwa sau biyu a jere da wannan hannu abu ne da ke aukuwa kusan sau ɗaya cikin 25. Saboda haka ko gwani yana iya shafe dubban hannaye yana asara ba tare da ya yi kuskure ba.

Shawarar da ake ba wanda asara ta jera masa ita ce kada ya tunzura, kada ya hau babban tebur don ya fanshe, ya auna kansa da kyawun shawarar da ya yanke maimakon abin da ta haifar. Haƙiƙa akwai hikima a nan. Manomin da ya yi shuka a kan kari fari ya cinye ba wawa ba ne, wanda kuma ya yi sakaci damina ta rufa masa asiri bai zama gwani ba.

Inda Gizo Ke Saƙa

To amma mai karatu ya lura da abu biyu. Na farko, wannan hujja ta sa'a da ke kwantar wa gwani hankali ita ce kuma mafakar wanda bai iya ba. Su biyun asara suke yi, su biyun suna cewa kati ne ya ƙi, kuma kafin lissafi ya bambanta su sai an buga dubban dubatan hannaye. Na biyu, mai gidan caca yana cire la'ada, galibi wajen kashi biyar cikin ɗari, daga kuɗin da aka tara a tsakiya. Tun da wasan ba ya haifar da dukiya, sai dai ya ɗauke daga wannan aljihu zuwa wancan, dole ne jimillar 'yan wasa ta tashi da ƙasa da abin da ta zauna da shi.

Ƙanƙantar kuɗin ma tarko ce. Wanda aka cinye masa jari a dare ɗaya yakan farka, amma wanda ake tsakura kullum ba ya jin zafi, alhali da yayyafi kogi kan cika. Abin da ya fi kuɗin tsada shi ne daren da ya tafi, da karatun da aka ajiye, da zuciyar da ta koyi jin daɗin faɗuwar wani. Ba banza ba ne Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, ya ambaci amfanin caca sannan ya rinjayar da laifinta, a Suratul Ma'ida kuma ya haramta ta.

Kammalawa

Manomi yana jure fari domin akwai gero a ƙarshen jiransa, ɗalibi yana jure faɗuwa domin ilmi yana ƙaruwa a kansa ko da bai ci jarrabawa ba. Darajar haƙuri tana zuwa ne daga abin da ake haƙurin dominsa. Juriyar da ke zaunar da mutum a tebur yana jiran kati ya juyo, sau da yawa kwaɗayi ne ya ari rigar haƙuri, kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala ne. Wanda asara ta jera masa yana da haƙuri ɗaya da ya fi wannan wuya: ya yarda cewa abin da ya tafi ya tafi, ya rufe kwamfuta, ya tashi bai fanshe ba.