Idan Mai Doka Ne Ya Ci Bashinka

A shekarar 2021 na ware mako guda a shirina na safe a Kumasi ina bayani kan takardun lamuni na gwamnati. Na ce wa masu sauraro abin bashi ne, illa dai a nan kai ne mai bayarwa. Ka miƙa wa gwamnati sidi 10,000, misali, ta rubuta maka cewa za ta riƙe shekara biyar tana biyanka kashi 19 cikin 100, wato sidi 950 duk wata shida, ranar da wa'adi ya cika kuma ta mayar maka da uwar kuɗinka. Mai hannun jari a kamfani yana tare da kasuwa, in ta yi kyau ya ci riba, in ta faɗi ya tafka asara. Mai takardar lamuni kuwa tun ranar farko ya san abin da zai karɓa da ranar karɓarsa. Har nan ban yi ƙarya ba. Sai na rufe da maganar da nake nadama har yau: "Gwamnati ba ta guduwa da bashin mutum."

Wani dattijo, tsohon malamin makaranta, ya ji ni. Ya ɗauki kuɗin sallamarsa ya kai banki ya sayi takardun.

A watan Disambar 2022 gwamnatin Ghana, da bashi ya sha mata kai, ta nemi a musanya tsofaffin takardu da sababbi. Tayin farko ya ce babu ko kwabo a 2023, kashi 5 a 2024, kashi 10 daga 2025, wasu takardun kuma sai 2037 za a biya uwar kuɗi. A watan nan hauhawar farashi ta haura kashi 54. Daga baya an sassauta sharuɗɗan, amma sai da 'yan fansho suka yi zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Accra a Fabrairun 2023, har da tsohuwar Alƙaliyar Alƙalai Sophia Akuffo a cikinsu.

A kwanakin nan dattijon ya same ni a gidan rediyo.

"Ɗana, kai ne ka ce gwamnati ba ta guduwa?"

"Ni ne, Baba."

"To, ba ta gudu ba. Tana nan. Ni ne ban san inda zan kai ƙararta ba."

Tun ranar nake juya tambayar nan: idan mai yin doka ne ya ci bashi ya kasa biya, wa ya kamata ya ɗauki asarar?

Ita ma gwamnati tana da hujja. Ba ta da kuɗin kanta sai na haraji. Idan ta biya masu takardu daidai, daga albashi da maganin asibiti za ta yanko. Yarinyar da ke dakon kaya a kasuwar Kejetia tana biyan haraji a kan sabulu da katin waya, ba ta taɓa ganin takardar lamuni ba. Da wane adalci za a matse ta don a cika wa mai ajiya kashi 19?

Amma alkawari kaya ne. Dattijon nan ba caca ya shiga ba, amana ya ba ƙasarsa, kuma mai shekara 70 da aka ce ya jira 2037 an raba shi da kuɗinsa ne cikin ladabi. A ganina, idan asara ta zama dole, a fara da waɗanda sana'arsu ce auna haɗari, kuma suna da ƙarfin ɗauka. Tsoho mai jiran kuɗin magani shi ne na ƙarshe. Kafin duka, mai cin bashin ya fara rage nasa cin a gaban jama'a.

Malamanmu sun daɗe suna hana kuɗin ruwa, da hujjar cewa bai dace mutum ya ci riba ba tare da ya ɗauki haɗari ba. Shi ya sa Najeriya ta fitar da sukuk na naira biliyan 100 a 2017 don gina hanyoyi, inda mai zuba kuɗi ke karɓar haya. Ni abin da Ghana ta nuna mini shi ne haɗarin yana nan ko da takarda ba ta ambace shi ba.

Nan nawa laifin yake. Adadi kawai takarda take tsayarwa. Ba ta hana hauhawar farashi cinye darajar kuɗin. Ba ta hana farashinta faɗuwa idan ka matsu ka sayar kafin wa'adi. Ba ta kuma sa wa mai bashi kuɗi a aljihu. Kashi 19 ɗin ma gargaɗi ne, don mai rance ba ya yin alkawari mai tsoka haka sai masu kuɗi sun fara tsoronsa. Ni na karanta shi a matsayin albishir, kuma magana zarar bunu ce.

Yanzu duk wanda ya bugo waya yana tambaya kan irin wannan jari, sai na tambaye shi: wa za ka ranta wa, da me zai biya ka, kuma in ya makara shekara uku, me za ka ci? Dattijon yana sauraro har yanzu. Bai sake bugowa ba.